Abin Lura: Kafin Ka Rushe Zaure

A gidanmu na gado da ke cikin birnin Kano akwai ɗaki guda da gyara bai taɓa ba. Kuɗi ne suka ƙare kafin a iso kansa, sai aka bar shi yadda kakanmu ya gina shi: bangon tubali mai kaurin da ya fi kamu guda, rufin azara da ƙasa, da 'yar taga ɗaya can sama. Muka mai da shi ɗakin ajiya, muka tara masa tsofaffin tukwane da buhunan hatsi. A bazarar farko bayan an gama aiki, na shiga gaida mahaifiyarmu da azahar, sai na iske sabon ɗakinta mai tayil da silin da labule wayam. Can ɗakin ajiyar na same ta, ta ture buhu biyu gefe, ta shimfiɗa tabarma, randarta na kusa, tana jan carbi.

Na ce, "Inna, me ya kawo ki nan cikin tarkace?"

Ta ce, "Nan ake samun numfashi, ɗan nan. Kun yi ƙoƙari, Allah ya yi muku albarka. Amma wancan ɗakin sai dare ya raba yake shiguwa."

Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. Amma tun daga ranar nake bin gidan ɓangare-ɓangare a zuciyata, ina auna abin da muka bayar da abin da muka karɓa.

Gaskiya ce a fara faɗa: ba son burga ya sa muka taɓa gidan ba. Duk wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san wahalarsa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo. In aka yi sakaci shekara ɗaya, malkar watan Agusta za ta tona asiri. Na sha ganin Inna ta tashi tsakar dare da fitila tana jera kwanoni da roba a ƙarƙashin yoyo. Ga ɓera, ga gara, ga kunama. Ga kuma fargabar da ke kama mutum duk lokacin da aka kwana ana ruwa aka wayi gari da labarin gini ya danne wasu a wata unguwa. Mahaifinmu ne yake ɗauke da wannan ɗawainiya, da ya rasu kuwa babu mai zama ya kula. Maginan ƙasa sun yi ƙaranci, 'ya'yansu sun koma birkiloli, azara ta yi wuya ta yi tsada. Don haka muka haɗa kuɗi mu biyar, da niyyar mu hutar da tsohuwa.

Niyya ta yi kyau. Inda aka samu tangarɗa shi ne wurin shawara. A falon yayanmu muka zauna, nesa da gidan, mu maza biyar waɗanda babu wanda ke yini a cikinsa. Kowa ya kawo abin da ya gani a gidan wani ya burge shi. Abin da kawai aka tambayi Inna shi ne launin fentin da take so. Alhali tun tuni Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rufi muka fara taɓawa. Aka kware azara, aka zubar da ƙasar, aka ɗora kwano. Ribar wannan a fili take, kuma har gobe ina gode wa Allah a kanta: yoyo ya ƙare, yaɓen shekara-shekara ya ƙare, in hadari ya haɗu babu mai dafe ƙirji. Abin da ba mu lissafa ba shi ne aikin da waccan ƙasa take yi. Rufin soro da bango mai kauri suna shanye zafin rana ne a hankali, kafin zafin ya ratsa ya iso ciki rana ta riga ta yi sanyi. Shi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da azahar, kuma yake da ɗumi a daren hunturu, lokacin da bangon ke sakin abin da ya tara. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauka, ya miƙa wa na ƙasa nan take. Bulo mai inci 6 da muka yi sababbin ɗakuna da shi, ga shi siriri ga rami a ciki, ba ya tare komai. A garin da ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, irin wannan ɗaki yana dogara ne ga fanka, fanka kuma tana dogara ga wutar da ba kullum take nan ba. Sanyin da kakanmu ya gina a cikin bango kyauta, yau sai an saye shi da man janareta.

Sai bangon da muka bari na ƙasa. Muka ce a shafe shi da siminti ya yi sumul, a yi masa fenti. Ranar da ake aikin wani dattijon magini da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu yaɓe ya zo wucewa, ya tsaya, ya shafa bangon da tafin hannunsa.

Ya ce da yayanmu, "Alhaji, wannan auren ba zai yi ƙarko ba. Ƙasa numfashi take yi, siminti kuwa toshe mata hanci zai yi."

Yaya ya ce, "Baba, ai zamani ya canza."

Ya ce, "Zamani ya canza, ruwa bai canza ba." Ya yi mana addu'a ya wuce.

Damina biyu aka yi maganarsa ta fito. Bangon ƙasa yana jan danshi daga gindinsa, kuma muddin fuskarsa a buɗe take, iska da rana suna busar da shi. Da aka rufe shi da siminti sai danshin ya rasa mafita, ya zauna a ciki yana jiƙa tubali. Siminti da ƙasa kuma ba sa miƙewa su takure tare in zafi da sanyi sun sauya, don haka shafen ya fara tsagewa, ruwa ya bi tsagar ya shige bayansa. Daga waje bango fes, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Wata safiya wani babban ɓawo ya ɓanɓaro daga bangon gabas, wanda dama shi ruwa da iska suka fi duka, muka ga yadda zartsi ya cinye gindin ginin.

Magabata ba su jahilci ruwa ba. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana shafe bango da daɓe da ita. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin marina, a shafe rufi da shi ruwa ya zame. Sun zaɓi azarar giginya domin gara ba ta cika cin ta ba. Inda tsawon azara ya gaza kuma suka ƙirƙiro bakan gizo, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya da shi a shekarun 1830. Kowane abu a cikin ginin nan amsa ce ga wata matsala da aka daɗe ana fama da ita. Mu da muka zo daga baya amsar muka gani, tambayar ta ɓace mana, sai muka ɗauka tsufa ne kawai.

Tsakar gida ita ce ta fi yi mini ciwo. Akwai darbejiya a tsakiyarta wadda ta girme ni. Laifinta na gaske ne: saiwarta ta fara taɓa gindin ɗaki, ganyenta kullum sai an share, ga tsuntsaye suna ɓata shanya. Aka sare ta, aka malale filin da siminti bango zuwa bango. Caɓi ya ƙare, shara ta yi sauƙi, jikoki suna wasa ba sa kwasar ƙasa. Amma a ƙarƙashin wannan bishiya ake daka, a nan ake kitso, a nan ake tsintar shinkafa ana hira, a nan ake shimfiɗa tabarmi a kwana in bazara ta hana barcin ɗaki. Yanzu daɓen yana yini yana gasuwa, da dare ya riƙa huci kamar murhun da aka sauke tukunya. Turmi ma ya rasa wurin zama, domin duk bugun taɓarya sai daɓe ya amsa, har ya fara fashewa.

Akwai kuma wanda ya biya kuɗin wannan gyara alhali ba a shawarce shi ba, wato maƙwabci. Da can rabin ruwan da ke sauka a tsakar gida ƙasa ce ke shanyewa. Da muka ɗaga daɓe muka toshe ƙasar, sai ruwan gaba ɗaya ya bi rariya ya fita lungu da ƙarfi, ya riƙa dukan gindin katangar gidan da ke ƙasa da mu, wadda ta ƙasa ce. Mutumin bai kai ƙara ba. Ya tari yayanmu bayan sallar asuba ya ce, "Alhaji, ruwanku yana kwana a jikin bangona." Sai da muka fasa, muka ja lambatu har babbar kwata. Irin wannan yana faruwa a unguwanni da yawa: wani ya ɗaga ƙofar gidansa ya tura ruwa ga na kusa, wani ya ɗora bene ya buɗe taga tana leƙa tsakar gidan da mata ke harkarsu ba mayafi. A cikin gari babu gidan da yake tsaye shi kaɗai. Haƙƙin maƙwabci yana cikin kayan aikin da ya kamata a lissafa tun kafin a sayi buhun siminti na farko.

Sai zaure. Muka ce ga fili a bakin hanya yana zaune a banza, a mai da shi shago, kuɗin haya ya riƙa taimaka wa Inna da cefane. Haka aka yi, aka buɗe wa gidan ƙofar ƙarfe a gefe. Kuɗin suna shigowa, kuma suna amfani, ba zan ɓoye ba. Amma sai da zauren ya tafi muka fara ƙidaya ayyukansa. A nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, na ciki su kimtsa kafin a ce ya shigo. Ƙofofinsa ba sa kallon juna, don haka mai wucewa ba ya hango cikin gida. Yanzu da an buɗe ƙofar ƙarfe, na kan titi yana ganin har madafa, dole aka rataya labulen buhu. A zauren ne dattawan lungu suke haɗa akusan tuwo su yi ciyayya bayan magariba, inda mai shi da marar shi suke sa hannu a kwano ɗaya ba tare da an gane gidan da ba a ɗora tukunya ba. A nan almajiran gidan suke kwana. A nan ake sasanta ma'aurata, a karɓi masu neman aure, a yi zaman makoki. Da aka yi mana rasuwa bayan gyaran, a titi muka kafa rumfar haya muka tare hanya kwana uku. Aminan mahaifinmu da suka saba zuwa su zauna ko bayan ransa, suna aika gaisuwa ciki, ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa, domin babu inda za su zauna. Ɗaki ɗaya muka rushe, ashe igiyar da ta ɗaure gidan da unguwa ce muka tsinke.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da muka yi nadama ce. Ban-ɗakin da muka gina wa Inna a cikin ɗakinta ya fi komai yi mata rana. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta huta da tsuguno a masai, ta huta da ratsa tsakar gida cikin duhu da ruwan sama. Shi ma yana da farashinsa, domin yana shan ruwa, ruwan kuma a wurin 'yan ga-ruwa ake saye jarka-jarka in famfo ya ɗauke. Amma wannan ciniki ne da ko sau goma aka maimaita za mu sake yi. Tayil mai santsi da aka fara sa masa ne muka cire da sauri bayan ta taɓa zamewa wurin alwala, Allah ya kiyaye, muka sa mai kaushi. Haka wayoyin wutar da aka sabunta, da madafar da aka buɗe wa mafitar hayaƙi. Da na duba sai na ga duk gyaran da ya yi albarka, wata wahala ce da muka gani da idonmu tana cin mai gidan muka magance. Wanda ya zame mana ciwon kai kuwa, daga gidan wani muka kwaso shi.

Ga abin lura a nan. Kowane gyara musaya ce, ana ba da wani abu ne a karɓi wani. Abin da za a karɓa yana da saurin gani: ƙyalli ne, sumul ne, kuɗin haya ne, yabon baƙi ne. Abin da za a bayar kuwa shiru yake aikinsa, shi ya sa ba a san da shi ba sai ya tafi. Inuwa ba ta taɓa cewa ga ni nan ina aiki, haka kaurin bango, haka ƙasar da ke shanye ruwa. Mai auna riba da hasara a gaggauce yakan cika tafi ɗaya na ma'auni da abin da ido ke gani, ya bar ɗayan fanko, sannan ya ce ya auna. A nan ne ake neman gira a rasa ido.

Tsoho da sabo suna iya zama wuri ɗaya in an yi tunani. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, tsohon masallacin ƙasa ya lalace kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Ginin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maimakon a baje shi, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. An ci moriyar ilmin zamani, an kuma jawo maginan gargajiya cikin aikin. A Gando ta Burkina Faso ma, makarantar da Francis Kéré ya gina a 2001 da bulon ƙasa tana da rufin kwano, sai dai an ɗaga kwanon sama an bar iska tana ratsawa tsakaninsa da rufin ɗaki, tana kwashe zafin. Ashe laifin bai tsaya ga kwano ba, yadda aka ɗora shi ne.

Da za a mai da ni baya, da na zauna a gidan na yini na kwana kafin a taɓa ko tubali ɗaya, na ga inda rana ke faɗawa da hantsi da inda take komawa da la'asar, inda ruwa ke bi, inda mata ke zama. Da na auna kowace shawara da lokuta uku, bazara da damina da hunturu, domin abin da ya yi daɗi a ɗaya yakan zama azaba a ɗayan. Da na tambayi kowane abu da za a cire: wane aiki kake yi, kuma wa zai yi shi bayanka? Da na fara kashe kuɗi a rufi da magudanar ruwa da gindin gini, fenti da tayil su jira, tunda gyaran tsohon gida kamar ɗinkin tsohuwar riga ne, kana kama nan can yana ɓarkewa, kuma wanda ya ƙarar da kuɗinsa a ado ba ya da abin tarar ɓarakar. Da kuma na zaunar da wancan dattijon magini tare da birkilanmu a tabarma ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya sani.

Wannan darasi bai tsaya ga gini ba. Sabon shugaba yakan shiga ma'aikata ya tarar da wani tsari da bai gane amfaninsa ba, ya soke shi a makon farko. Matashi yakan dawo daga karatu ya ga wata al'ada ta gidansu, ya kira ta ɓata lokaci. Amarya takan shiga gida ta sauya komai kafin ta san dalilin da ya sa aka ajiye kowane abu a inda yake. Wani lokaci suna da gaskiya, domin akwai tsohon abin da lokacinsa ya wuce, kamar yadda masai ya wuce wa gwiwar Inna. Amma kafin mutum ya san wanne ne masai wanne ne zaure, sai ya yi haƙuri ya tambayi waɗanda suka rayu da abin. Rushewa aikin yini ɗaya ne. Darbejiyar da lebura biyu suka kayar kafin azahar ta fi shekara arba'in tana haɗa inuwarta.

Mun gyara abin da zai gyaru. An ɓanɓare simintin bangon gabas an mayar masa da yaɓen ƙasa. An buɗe ƙananan tagogi a saman bango, ƙarƙashin kwano, don zafi ya sami hanyar fita. An kafa rumfa da dakali a ƙofar gida, dattawa biyu sun fara dawowa da la'asar. Ɗakin ajiyar nan kuwa an kwashe buhunan, an yi masa sabon daɓe, kuma mun yi alkawari babu mai taɓa rufinsa. A tsakiyar tsakar gida aka fasa siminti faɗin tabarma ɗaya, Inna da kanta ta zaɓi wurin, nesa da gindin ɗaki, aka dasa 'yar darbejiya aka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe da ragowar ruwan alwalarta take ba ta.

Rannan na ce mata, "Inna, wannan kafin ta yi inuwa ai da sauran shekaru."

Ta ce, "Waccan ma ba wanda ya dasa ta ne ya fi shan inuwarta ba. Ku dai in ta girma, ku tambaya kafin ku sare."